Ƙusar da Na Binne a Kumbon Bukar

Makon jiya wani saurayi ya tsaya a bakin rumfata, wayarsa a hannu, ya ce shi ya riga ya iya walda, a bidiyo ya koya, wurin zama kawai yake nema. Na miƙa masa guntayen ƙarfe biyu na ce bismilla. Ya haɗa su, kuma a ido aikin ya yi kyau. Na ɗaure a bayis, abin damƙe ƙarfe, na buga guduma sau ɗaya, suka rabu kamar ɓawon gyaɗa. Sai ya ce ai sandar waldar ce ba ta da kyau. Duk wanda ya ɓata aiki da wannan maganar yake farawa. Bayan ya tafi na ce bari dai in zauna in rubuta wa ire-irensa abin da na sani. Karatuna bai wuce firamare ba, sai ku yi haƙuri da rubutun.

Sunana Ado. A garinmu, nan kusa da Zakirai, Ado Mai Walda ake ce mini. Mahaifina maƙeri ne, fartanya da lauje da bakin garma, ni nake ja masa zugazugi. Da ya ga mutane sun fara kai garmarsu birni ana liƙe musu da wutar lantarki, sai ya kai ni wurin wani Babarbare a hanyar Ungogo, Baba Goni, ya ce masa ga shi nan, a koya masa ƙirar zamani.

Shekara biyu na yi a wurin Baba Goni ban riƙe sandar walda ba. Aikina yanka da zarto, gurza da magagari, karkaɗe kashin walda, wato dattin da ke daskarewa a kan ɗinki, da ɗauke ƙarfe mai zafi da awartaki. Ranar da na saci kallon wuta ba gilashi, washegari na tashi kamar an zuba mini yashi a ido, kwana biyu ina hawaye. Bai ce mini sannu ba. Cewa ya yi, "To, yanzu ka san amfanin gilashin." Yana da wata al'ada da muka tsana. Duk ranar Alhamis zai zaɓi aiki ɗaya cikin waɗanda muka gama, ya sa zarto ya yanke shi daidai kan waldar, ya ɗaga wa rana yana duba cikinta. In ya ga rami, ko da kamar ƙwayar gero ne, sai ka sake daga farko. Yakan ce mai kaya waje yake gani ya tafi, shi kuwa ciki yake son gani.

Ga yadda ake haɗa ƙarfe mai kauri, tunda a bidiyonku ba sa tsayawa su nuna. Za ka gurje bakin kowanne a karkace, yadda in ka haɗa su za su bar kwari a tsakani, kamar kwarin da ke tsakanin kunya biyu a gona. Ɗinki na farko a can ƙasan kwarin yake. Shi ne ke riƙe komai, kuma ba mai ganinsa. Ka karkaɗe kashin, ka goge har ya yi ƙyalli, ka yi na biyu, ka sake karkaɗewa, ka yi na uku, har kwarin ya cika. Na ƙarshe shi ne kwalliya. Kunne ma yana aiki. In wuta ta yi daidai za ka ji tana ƙara kamar ana suyar ƙosai. In ta yi kaɗan, narkakken ƙarfen zama kawai yake yi a sama bai kama komai ba. In ta yi yawa ta huda maka aikin.

Da na dawo gida na buɗe rumfa a bakin titi kusa da tasha. Ƙasarmu gona ce a jikin gona, ba inda za ka tsaya ba ka hango rufin wani gida ba, saboda haka aiki ba ya yankewa: amalanken shanu, garma, ƙofar gida, ƙafar injin markaɗe, da rani kuma masu zuwa noma madatsar ruwa ta Watari su kawo injinan ban ruwa. Sana'ar ta koya mini zargi, kuma ba zan ɓoye ba, zargin ya sha cetona. Akwai wani da ya kawo tankin babur ya tsage, ya rantse da girman Allah ya wanke shi da sabulu sau uku. Na ce to, na cika tankin da ruwa a gabansa, sai ga fetur yana yawo a sama yana sheƙi. Da na sa wuta a kan rantsuwarsa, da yau ba ni ke ba ku labari ba. Tun daga ranar na riƙe cewa mai kaya abin da zai sa a yi masa aiki yake faɗa, ba abin da ke ciki ba.

Shekarar da ta fi kowace muni ita ce wadda ruwan sama ya ɗauke, gero yana tsaka da fitar da kai. Manomin da bai girbe ba ba ya gyaran amalanke. Fetur ya yi tsada, sai in wuni ban tayar da janareta ba. A kan wannan kuma ga tashin bama-bamai a birni. Shugabannin masu walda suka tara mu suka ce kowa ya buɗe idonsa: duk wanda ya kawo tukunyar gas, ko bututun ƙarfe ya ce a toshe masa baki biyu, a san da wa ake. Muka kuma ji labarin wani mai walda a birni da aka zo aka tafi da shi saboda wani abu da ya liƙe bai san ko mene ne ba, kuma ba wanda ya iya gaya mana ranar da ya dawo.

Cikin kakar wannan shekara, wata Litinin da hantsi, Bukar ya shigo rumfata da bututu a kafaɗa.

Bukar ɗan Alhaji Modu ne, mai fataucin albasa, wanda gonarsa ke iyaka da tawa. Kakan Bukar ne ya zo daga Barno da fataucin busasshen kifi tun ina ƙarami, ya zauna, aka haifi Alhaji Modu a unguwarmu. Shi Bukar ni na liƙe masa hannun akwatin ƙarfensa da zai tafi makarantar kwana. Daga nan ya yi ta karatu har ƙasar waje, aka ce ya zama injiniyan jiragen sama da kumbo. Ya dawo wata huɗu kafin wannan rana. Bai nemi aikin gwamnati ba, bai nemi aure ba, kullum yana ɗakin ajiyar albasar mahaifinsa a bayan gari, shi da kwamfuta da takardu. Samari suka laƙaba masa Bukar Kumbo.

Ya durƙusa ya gaishe ni, ya sauke bututun. Tsawonsa kamu biyu, kaurin bangonsa kamar ɗan yatsa, ba ɗinki a jikinsa, irin wanda masu haƙar rijiyar burtsatse ke amfani da shi. Ya fito da murafu biyu da wani mai injin sassaƙa ƙarfe ya yi masa a birni, ɗaya a toshe, ɗaya da 'yar ƙofa mai siffar mazurari.

"Baba Ado, so nake ka liƙe mini waɗannan, ɗaya a wannan bakin, ɗaya a wancan."

Bututu, a toshe baki biyu. Na dube shi, na dubi titi.

"Na mene ne?"

"Injin roka ne, Baba, amma ɗan gwaji. Ba zai tashi ba, a ƙasa za a ɗaure shi."

"Rokar da ba ta tashi, ta me ce?"

Ya yi dariya, ya ja benci ya zauna. "Ka ga tirelar da ke ɗaukar albasar Alhaji zuwa Kudu? Mai motar ba ruwansa da albasa, kowa ya kawo buhunsa a yi masa lodi. To yanzu sama ma haka ta koma. A da gwamnatoci kaɗai ke harba kumbo. Yanzu 'yan kasuwa sun shiga. Kana da ɗan tauraron ɗan Adam kamar girman kwalin taliya, ka kawo, su ɗaukar maka, su sauke maka a can. Ni a wurin masu motar nake son aiki."

"Su kuma masu kayan, me za su yi da shi a can?"

"Hoton gonarka za su ɗauka, su gaya maka inda tsutsa ta fara kafin ka gani."

"Gonata kullum ina zuwa da ƙafata."

"Ai shi ya sa ba kai za mu fara yi wa talla ba."

Sai ya yi mini bayanin gaggawarsa. Wani kamfani cikin masu wannan lodi yakan ɗauki matasan injiniyoyi kaɗan sau ɗaya a shekara ya horar da su. Takardar makaranta kaɗai ba ta ishe su ba. Sai mutum ya ƙera wani abu da hannunsa, ya gwada, ya ɗauki bidiyo, ya tura musu da abin da ya auna. Za su rufe karɓa ranar Juma'a, saura kwana goma sha ɗaya. Shi nasa, ruwa zai cika a bututun, ya hura wuta a ƙasa har ruwan ya yi zafin da ba shi da hanyar fita, sannan a buɗe 'yar ƙofar, tururi ya fita da ƙarfi ya tura bututun, sikelin albasa ya nuna ƙarfin turin.

"Ba albarushi, ba fetur, Baba. Madambaci ne kawai, sai dai mai zuciya."

Na ce ya bari in duba, ya dawo gobe.

Rumfar Tanko mai faci jikin tawa take, langalanga ɗaya ce ta raba mu, kuma kunnen Tanko ya fi hannunsa aiki. Bukar na fita ya leƙo.

"Ado, ka ji ruwa?"

"Na ji."

"Wa ka taɓa gani ya je ƙasar Turawa ya dawo dafa ruwa? Innata kullum tana dafawa, ko Wudil ba ta taɓa zuwa ba."

"Ɗan Alhaji Modu ne fa."

"Su ma waɗancan ai 'ya'yan wasu ne. Kuma ka san daga inda suka fito."

"A nan aka haifi ubansa, Tanko."

"To. Ni dai faci nake yi. Taya ba ta taɓa kai mutum bariki ba."

Ya koma rumfarsa ya bar ni da bututun. Na fara tattaro abubuwa a raina. Yaron ba ya zama majalisa. Ya tara gemu. Motar haya takan sauke masa ƙananan kwalaye daga birni. Me ya sa sai ɗakin albasa na bayan gari, inda ba mai wucewa? Ko sau ɗaya ban tuna cewa mutumin da ya koya mini sana'ar da nake ci da ita, shi ma daga can iyayensa suka fito ba.

Washegari ya dawo da zane, ya baje a kan benci, ya sake yi mini bayani. Ranar Laraba ya kawo kwamfutarsa ya nuna mini wani kumbo da ya je sama ya dawo ya sauka a kan ƙafafunsa kamar zalɓe. Na ce wannan ai haɗin fim ne. Ya ce wallahi gaske ne, kuma saboda wannan saukar ne kuɗin lodi ya sauko har talaka zai iya aikawa. Duk ƙarin bayanin da ya yi, ƙarin zargi nake yi, domin mai tankin babur ma bayani ya cika ni da shi.

Na auna hanyoyin da nake da su. In na ƙi, zai kai wa wani ya yi masa mai kyau, in abu ya faru a ce ta rumfata ya fara bi. In na kai maganar wurin mai unguwa, daga can sai hukuma, kuma a wancan lokacin na san abin da ake yi wa gidan da aka ce asalinsa Barno, ga shi Alhaji Modu bai taɓa ture mini iyakar gona ba. In na yi aikin yadda ya kamata, wataƙila da hannuna za a kashe mutane. Sai na samo wata hanya ta daban, har ina ganin na yi wayo.

Ranar Alhamis muka yi aikin. Yana tsaye a kaina da gilashi a ido na gurje bakunan, na liƙe murfin farko, ɗinki bayan ɗinki, kamar yadda Baba Goni ya koya mini. Muna shirin kama na biyu aka aiko tirela ta iso, mahaifinsa na nemansa wurin lodin albasa. Ya ce, "Baba, ci gaba, na ga hannunka." Yana ɓacewa na ɗauko ƙusa, na yanke kanta, na lanƙwasa ta ta bi zagayen bututun, na kwantar da ita a cikin kwarin. Wurin ban yi ɗinkin farko ba. Na rage wuta na bi ta kanta na rufe, sannan na yi wa wajen kwalliyar da ban taɓa yi wa wani aiki ba. Lissafina shi ne, in mugun abu ne, zai tsage ta nan ya huce kamar tayar da ta taka ƙaya, ba wanda zai mutu, ba kuma wanda zai ce na kai ƙarar ɗan maƙwabci. In kuma gaskiya yake faɗa fa? Wannan ɓangaren ban tsaya na lissafa ba.

Da la'asar ya dawo, ya bi waldar da babban yatsa har ya zagaye.

"Baba, wallahi ko a inda na yi karatu, hannu irin naka sai an tona."

Na ce Allah ya sa albarka.

Kwana uku ban gan shi ba, yana can yana ƙera abin da zai ɗaure injin a kai. Ranar Litinin, saura kwana huɗu, ya shigo ba bututu a kafaɗa. Ya jira Tanko ya tsallaka titi wurin mai shayi, sannan ya sa hannu a aljihu ya ajiye wani abu a kan bayis. Guntun zobe ne, an yanke shi da zarto daidai kan waldar, tsaf kamar yankan Baba Goni. A tsakiya ga ƙusa a zagaye, rami ta dama, rami ta hagu.

Ashe a karatunsu ba a kai irin wannan abu wuta sai an gwada shi da ruwan sanyi. A cika shi fal, a matsa da famfon hannu har ya wuce ƙarfin da zai ɗauka in an hura wuta. Ruwan sanyi ba ya fashewa, tsiyaya kawai yake yi. Yana cikin matsawa ya ga wani siririn ruwa kamar allura yana fita ta jikin kwalliyata.

"Baba Ado," ya ce da murya ƙasa-ƙasa, "wannan ƙusar da ƙafarta ta shiga?"

Da rami ne kawai, da na ce sandar walda ce. Ƙusa ba ta da wannan mafita. Sai ya ɗora da cewa:

"Ka ɗauka bam nake haɗawa."

"Zamani ne, Bukar. An ce mu kula."

"To me ya hana ka ce ba za ka yi ba? Me ya hana ka je ka sami Alhaji? Sau uku na yi maka bayani."

"Ban gane ba ne."

"Ka gane. Yarda ce ba ka yi ba." Ya juya zoben a hannunsa. "Ka san tururi mai wannan ƙarfin ba ya hucewa a hankali kamar iskar taya? Da na yarda da hannunka na hura wuta, murfin nan sai ya huda bangon ɗakin albasa. Ni kuma a bayan bangon zan tsaya."

Abin da ya kamata in ce a nan kowa ya san shi, bai wuce kalma uku ba: ka yafe mini. Dattijo ne ni, shi kuma yaron da na liƙe wa akwati. Abin da ya fito daga bakina shi ne, "Allah ya kiyaye gaba."

Ya dube ni, ya ce amin. Sannan ya miƙe.

"Saura kwana huɗu. Rufe rumfa mu tafi birni."

"Ni?"

"Kai ka san ƙarfe. Kuma mutumin da ya ɓoye ƙusa har na shafa ban gane ba, ya iya walda. Sai dai wannan karon ko tirela goma ce ta zo ba zan tashi daga kanka ba."

Ragowar bututun ta gajarta, ba ta kai lissafinsa ba, murfin kuma zarto ya raba shi. Dole sai sabo. Kwana uku muka yi muna zagaya masu sayar da ƙarfe da 'yan gwangwan. Duk bututun da aka nuna mana in ƙwanƙwasa da guduma in saurara: wannan yana da ɗinki, wannan tsatsa ta ci cikinsa, wannan bangonsa kamar gwangwanin madara. Sai ranar Laraba da yamma muka sami mai kyau a ƙarƙashin tarin tsofaffin famfuna. Muka ruga wurin mai sassaƙa murfi, muka tarar ba wuta a layinsu, janaretansa kuma ba ya iya ɗaukar injin. Ranar Asabar ya gama.

Ranar Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, Bukar ya zauna a bencina ya rubuta musu yana roƙon su ƙara masa mako ɗaya. Kafin la'asar amsa ta zo. Ya karanta, ya rufe kwamfutar.

"Me suka ce?"

"Baɗi."

Tunda ba sauran gaggawa, injin na biyu a hankali muka yi shi. Kowane ɗinki in na karkaɗe sai ya sa tocila ya bi shi kafin in ɗora wani. Ban ji haushi ba, ba ni da bakin ji. Gwajin ruwan sanyi ina tsaye aka yi. Ya yi ta matsa famfon, allurar agogon da ke nuna ƙarfi ta hau ta tsaya, muka zauna muna kallon waldar har aka kira azahar. Ko raɓa ba ta fito ba.

Ranar gwajin wuta shi da kansa ya je ya gayyato mai unguwa da liman, ya ce da Tanko ma ya zo. A tsakiyar gonar mahaifinsa aka yi, bayan an kwashe kara. Ya jera buhunan ƙasa, ya sa mu a bayansu, ya kafa wayarsa a kan sanda tana ɗauka. Da allurar ta kai inda yake so, ya ce kowa ya toshe kunne, ya ja igiya. Ban taɓa jin ƙara irin wannan ba. Farin tururi ya miƙe ya wuce iyakar gonata, awakin da ke kiwo suka watse, allurar sikelin albasa ta juya ta tsaya tana rawa. Tanko ya ja da baya ya faɗi zaune a kwarin kunya, hularsa a gefe.

Bukar ya yi tsalle kamar ba injiniya ba. "Malam Tanko, yaya ka ga ruwan?"

Tanko yana kakkaɓe riga ya ce, "A'a, innata ba ta dafa irin wannan."

Bidiyo ya kammala, lissafi ya kammala, sai jiran kaka ta zagayo a sake buɗe ƙofa. Kafin nan yakan zo rumfata ya taya ni da injinan ban ruwa, shi yana awo ni ina liƙi. Kullum zancensa ɗaya, lodi zuwa sama, da yadda wata rana za a yi tashar kumbo a ƙasar nan, masu walda irina su ne za a fara nema. Maganar ƙusa bai sake tayarwa ba, ni ma ban tayar ba. Ina ganin akwai lokaci.

Da bazara sanƙarau ya shigo garuruwanmu. Kwana uku Bukar ya yi a kwance.

A wurin zaman makoki Alhaji Modu ya riƙe hannuna ya ƙi saki. "Malam Ado, na gode. Bukar ya sha gaya mini, duk garin nan ana yi masa kallon mai taɓin hankali, kai kaɗai ka rufe rumfarka kwana uku ka bi shi birni. Ya ce bututun farko ne ya zo da aibi, ba don kai ba da bai sami wani ba."

Ashe ko mahaifinsa bai gaya wa ba. Na ce Allah ya jiƙansa, na koma gefe na zauna.

Kaka ta zagayo, aka buɗe ƙofar, bidiyon yana cikin kwamfuta a ɗakin albasa. Ban san ko da za su ɗauke shi ba, ba zan ce na sani ba. Ranar mutuwarsa kuma ba a hannuna take ba. Abin da ke hannuna shi ne akwai shekarar da yake da rai, yake da bututu mai kyau, yake da kwana goma sha ɗaya, ni na sa ƙusa a ciki.

Zoben nan a wurina ya bar shi. Na zura masa igiya na rataye a ginshiƙin rumfa. Duk wanda ya zo koyo sai na sauko da shi na nuna masa: dubi waje, ka ga aibi? Babu. To juya ka dubi ciki. Kowa sai ya tambaya wane ne ya yi wannan, ni kuma in ce wani mara tsoron Allah ne a birni. Saurayin makon jiya ma ya tambaya, abin da na gaya masa ke nan. Ƙarya na yi muku duka. Ni na yi shi, da hannun da kuke yabawa.

Saboda haka ku masu cewa walda ba wuya, ku riƙa sa zarto a aikinku kafin wani ya sa. In kuma aiki bai kwanta muku ba, ku dubi mai shi ku ce ba za ku yi ba, ya tafi yana zaginku. Kada ku karɓa ku yi masa kwalliya.

Alhaji Modu yana nan da rai, ya tsufa, idonsa ba ya ganin rubutu. Kullum bayan la'asar yana kan tabarma a ƙofar gidansa, in na wuce ya ɗaga mini hannu ya ce ga aminin Bukar. Bai kamata ya ji wannan labari daga bakin wani mai karanta masa ba. Na kwance zoben daga igiya, yana cikin aljihuna. An yi la'asar. Ina ajiye alƙalamin nan can zan nufa.